Ɗigon Jan Farce

Tun ranar da na fara neman mota na daina yarda da kowa, kuma a nan dai ban ga laifina ba. Dillalin farko ya kai ni ga wata mota da ya rantse wata dattijuwar malamar makaranta ce ke hawanta, daga gida sai aji, daga aji sai gida. Na ce a buɗe min but ɗin bayan motar, sai ga kashin awaki jibge a kusurwa. Na biyu kuwa ya ce injin tasa ko numfashinsa ba a ji, amma na lura ya ƙure rediyo kafin ya tayar da ita. Na miƙa hannu na kashe rediyon, muka zauna ni da shi muna sauraren wani abu kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Ko gezau bai yi ba, wai sanyin safiya ne ya kama ta. Ƙarfe biyu na rana fa.

Ba don gayu nake neman motar ba. A ɗakin gwajin jini nake aiki, aka ɗauke ni daga babban asibiti aka jefa ni wani ƙarami a can bakin gari, inda sai na hau mota uku kafin in isa. Kullum in tarar da marasa lafiya sun cika benci da takardunsu a hannu, suna min kallon wadda ta tsaya shafa hoda. Albashina kuwa ba na sabuwar mota ba ne, ba ma na tsohuwa mai mutunci ba. Akwala nake nema, amma akwalar da za ta karɓi gyara.

A ƙarshe wajen wani mai gidan burodi na same ta. Ruwan toka ce, ko kuma dai ta taɓa zama ruwan toka, ƙamshin burodi ya kama ta har cikin kujeru. Shi bai rantse min da komai ba. Ya zagaya da ni yana nuna min aibinta ɗaya bayan ɗaya: birki ya yi laushi, kuloci ya kusa ƙarewa, ƙofar baya ba ta buɗuwa daga waje, tsatsa ta cinye ƙasanta wajen ƙafar direba. Yawan gaskiyar tasa ma sai ya tsorata ni, na riƙa tunanin wane babban abu yake rufewa da waɗannan ƙananan. Amma da ya ɗaga murfin inji sai ya ce jikinta ne ya tsufa, kayan cikinta garau suke, don bara ya sake su lokacin da yake kai burodi nesa. Maigidana ya zo da wani abokinsa da ya san mota, ya leƙa, ya kasa kunne, ya ce mai burodi bai yi ƙarya ba. Duk darajar motar nan, in ji shi, tana ƙarƙashin murfin nan ne, saura gwangwani ne. Ya ƙara da cewa in yi hattara da wanda zan ba gyaran, don akwai masu cire na kirki su mayar da na banza, mai mota ba zai sani ba sai ta tsaya da shi a tsakiyar titi. Shi ya faɗa ya wuce abinsa, ni kuma maganar ta zauna min daram.

A raina na riga na zaɓi gareji, wani babba mai allon suna, kusa da tsohon wajen aikina. Sai Mama ta ji labari. Na je gaishe ta, ina zaune a bakin gadonta ina ninke mata kayan wanki, ta tambaye ni wa zai gyara motar, alhali ta san amsar da take son ji. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Kina da ƙane bakanike, ki ɗauki mota ki kai wa bare? Shekara goma sha biyar, ko fitilar hannu babu wanda ya taɓa ba shi ya gyara a gidan nan. Yana gani fa, ba ya dai magana ne."

Dole in faɗi dalili. Auta, ƙanenmu na ƙarshe, yana ɗan shekara goma sha tara ya faɗa hannun wasu abokai, ya kwance kan keken ɗinkin Mama ya sayar. Abin da ya fi ci min rai ba satar ba ce, dabarar ce. Ya mayar da murfin katakon ya rufe, ya shimfiɗa ƙyallen da take rufawa daidai yadda take yi, har da kwandon zare a sama. Mama na jinyar ido a lokacin, mako uku ba ta taɓa keken ba. Ni na ɗaga murfin don in ɗinke wa 'yata riga, na tarar da rami. Da keken nan ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. A ranar na gaya wa Auta maganganun da ban taɓa gaya wa ɗan'adam ba, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Bayan nan ne wani dattijo mai gareji, wanda kowa ke kira Tsoho, ya ɗauke shi. Ya riƙe shi, ya koya masa sana'a, ya raba shi da abokan nan. Auta ya nutsu, ya yi aure, ya haifi biyu. Daga baya Tsoho ya sakar masa garejin ya koma yana taya shi aiki, don kunnuwansa sun mutu saboda shekarun da ya yi yana dukan ƙarfe. Duk wannan na sani. Muna gaisawa da Auta, muna dariya, 'ya'yansa na kwana gidana. Amma in ya shigo ɗakina, sai in ga hannuna ya jawo jaka kusa da ni ba tare da na sa shi ba. Mama kuma ta yi gaskiya, yana gani.

Na ce mata to. Ta yi ta sa min albarka kamar kyautar motar na ba ta.

A wajen aikina akwai ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita: kwalbar jinin da ba a yi wa alama ba, ba ta da mai ita. Shekara ashirin ina manna alama kafin in saki abu daga hannuna. Don haka da safen da zan kai motar, bayan maigidana ya fita, na buɗe durowata na ɗauko kwalbar jan farcen da na ƙwace wa 'yata tun watan jiya. Na ɗaga murfin inji na bi kayan da abokin maigidana ya nuna min: batir, kik, altaneta, kabireta, lagireto, famfon mai, kwayil. Kowanne na ɗiga masa ja ɗaya, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake, a gefe, inda ido ba zai faɗa kai ba sai an sunkuya. Bakwai. Na tsaya ina hura su da baki har suka bushe. Na gaya wa kaina wannan ba zargi ba ne, tsari ne. In Auta ya riƙe amana ba zai taɓa sanin an yi ba, ni kuma zuciyata ta huta da shi, in daina jan jaka. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana, don na san abin da zai ce.

Garejin rumfar kwano ce a tsakiyar layin masu gyara, mai walda a dama, mai faci a hagu. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Akwai rami a tsakiya da ake shiga a duba cikin mota, da benci mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu, sifanu kuma rataye a jikin allo, kowace an zana siffarta a bayanta don a gane wadda ta ɓata. A bayan rumfar tulin matattun kayan mota ne, wanda masu sayen tsohon ƙarfe ke zuwa da amalanke su kwashe.

Da Auta ya hango ni a bayan sitiyari, sai ga shi ya fito daga ramin nan kamar an cillo shi. Ya goge hannu a wando, ya sake gogewa, ya zagaya motar sau biyu yana shafa ta. Ya leƙa kai ta taga ya shaƙi iska, ya ce ashe Yaya gidan burodi mai taya ta saya. Ya kira mai walda da mai faci yana nuna musu, wai motar yayarsa ce, ta kawo masa da kanta. Wannan "da kanta" sau uku ya faɗe ta. Tsoho ya taso, gajere ne mai farin gemu, ya gaishe ni da babbar muryar nan ta waɗanda ba sa jin kansu. Ban ga suna wata magana da Auta ba, sai nuni da hannu, kowa ya gane abin da ɗan'uwansa ke nufi. Auta ya ce kwana uku, in an daɗe huɗu, gobe zai yi tafiya ya samo kayan birki da kuloci na kirki da kansa. Na ba shi makulli. A hanyar komawa na ɗan ji kunya, amma ba ta daɗe ba.

Kwana huɗu suka wuce, shiru. Na kira, ya ce saura kaɗan. Muryarsa ba ta yi min ba, irin ta mai magana yana kallon wani waje ce. Rana ta shida na tashi daga aiki na wuce garejin ban sanar da kowa ba.

Murfin inji a ɗage yake. Tun daga bakin titi na hango ramuka inda ya kamata a ga kaya, wayoyi na ta reto. Ni birki da kuloci na kawo, me ya kai su cikin inji? Kafin in ƙarasa Auta ya sha gabana, ya sauke murfin da gwiwar hannu kamar ba da gangan ba, ya ce ana ɗan duba wasu abubuwa ne, ya jawo min benci. Idonsa ya yi ja, bai yi min wasa ko ɗaya ba. Tsoho na zaune can gefe a kan wata tsohuwar taya, hannu a kan gwiwa, ba ya aikin komai, ko ɗagowa bai yi ya gaishe ni ba. Sannan idona ya faɗa kan wani abu. A kan teburin aiki, kusa da sifanu, akwai wani ɗan gwangwani na jan fenti, da tsinke tsome a ciki.

Na ce a raina shi ke nan. Ya ga alamata, ya gane, zai cire nawa ya sa na banza ya ɗiga musu nasa jan. Murfin keken ɗinki ne aka sake rufewa, har da kwandon zare a kai. Na zauna a bencin nan ina murmushi ina tambayar lafiyar matarsa da yara, zuciyata kuwa na tafasa. Na fi so in kama shi da hujja a hannu, yadda bakinsa ba zai iya rantsuwa ba.

A gida na kasa haɗiyewa gaba ɗaya, na gaya wa maigidana na ga injin a warwatse. Ya ce ni da sai makon jiya na san bambancin kik da kwayil, in bar masu sana'a su yi sana'arsu. Washegari kuma shi da kansa ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce ya hango Auta a kasuwar tsofaffin ƙarafa, yana tona tuli da hannu a tsakiyar rana. Ya yi saurin ƙarawa da cewa ƙila wani abu yake nema. Na ce ai kuwa, ni ma na san abin da yake nema, ruɓaɓɓun kayan da zai cusa min ne. Ya ce Allah ya shirye ni, na ce amin, tare da wasu.

Rana ta tara na sake leƙawa. Murfin a rufe, Tsoho kuma ba ya nan. Na tambaya, Auta ya ce yana hutawa a gida, ya juya min baya yana neman abin da ban ga ya ɓata ba. Mai faci ya kalle ni ya kawar da kai, mai walda ya sauke baƙin gilashinsa ya ci gaba da aiki. Duk layin kamar sun san wani abu da ni kaɗai ban sani ba. Na ce a raina, dattijon ya ƙi a yi cuta da shi, shi ne aka sallame shi.

Rana ta goma sha ɗaya, ina hutun aiki, ya kawo motar gida da kansa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya buɗe ƙofar baya daga waje ya rufe, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ya nuna min sabon ƙarfen da aka liƙa, ya sa na taka birki na ji ya yi tauri. Ya ce in murɗa makulli. Ta tashi lafiya lau, muryarta ta fi ta ranar da na saye ta daɗi. Ko ruwa ya ƙi sha, ya ce zai biya ta wajen Mama, ya fita a ƙafa.

Ko kwanar layinmu bai sha ba na ɗaga murfin. Batir babu ja. Kik babu ja. Na sunkuya har mayafina ya sha baƙin mai, ina bin su ɗaya-ɗaya da fitilar waya. Cikin bakwai biyu kawai na samu da ɗigona, kabireta da famfon mai, su ma duk sun ƙuje kamar an ja su a ƙasa. Sauran biyar baƙi ne a wajena, kuma ko wahalar ɗiga musu fentin bai yi ba. Wato rainin ya kai haka.

Zan faɗi gaskiya, ba baƙin ciki na fara ji ba. Wani irin daɗi ne, daɗin wadda aka daɗe ana ce wa mai mugun zato, yau ga shi ta tabbata. Na jefa kwalbar jan farcen a jaka, na shiga motar na nufi gidan Mama.

Na same su a falo. Mama na kan kujera, Auta na zaune a ƙasa kusa da ƙafarta, ya kwance fankar teburinta da ta yi wata biyu ba ta juyawa. Yau ta ba shi. Da ta gan ni sai ta hau fara'a tana cewa ga masu mota sun iso. Ban zauna ba. Na ce ya gaya wa Mama inda ya kai batirina da kik da sauran. Ya ɗago, ya ce Yaya ki zauna in yi miki bayani, dama abin da ya kawo ni wajen Mama ke nan, ina neman ta inda zan fara. Na ce babu bayanin da zai min, wanda ya yi mana a kan keke ma ya ishe mu. Mama ta kira sunana da muryar kashedi, ban saurara ba. Na ce shekara goma sha biyar bai canza hali ba, wayo kawai ya ƙara. Na ce ya ci amanar uwa, yanzu ya dawo kan yayarsa. Sannan na zaro kwalbar na dangwarar da ita a kan tebur, na ce kada ya wahalar da kansa da rantsuwa, da hannuna na ɗiga wa kaya bakwai alama kafin in kai masa, biyu suka dawo.

Ina jira ya yi musu. Bai yi ba, kwalbar yake kallo. Ya ajiye sukundireban da ke hannunsa, ya ɗauke ta ya buɗe, ya ɗiga kaɗan a bayan hannunsa, ya kai kusa da ido.

"Ke kika ɗiga?" ya ce, a hankali.

Na ce ni ce, sai me?

"Yaushe?"

"Da safen da na kawo ta."

Da ya fara magana kuma ba ni ya kalla ba, fankar ya kalla. Ya ce tun da kunnen Tsoho ya mutu, ba a iya tsayawa a yi masa dogon bayani a kan kowace mota. Sai suka yi tsari tsakaninsu. Auta zai duba mota, duk abin da ya mutu ya ɗiga masa jan fenti a gefe, inda mai mota ba zai gani ya fara gardama ba. Tsoho kuma in ya zo ya bi ɗigon, ya kwance, ya jefa a tuli. Shekara shida haka suke yi, ba a taɓa samun kuskure ba. Ranar da Auta ya tafi neman kayan birki, Tsoho ya ɗaga murfin motata ya ga ja bakwai. Ya yi mamaki, don kayan sun yi masa kama da lafiyayyu, amma ya ce tunda Auta ya ɗiga, to ya gwada su ne. Ya kwance su tas ya jefa. Da yamma masu amalanke suka zo suka kwashe tulin.

Da Auta ya dawo ya tarar da inji wayam, ya tambaya, Tsoho ya ce ai kai ka ɗiga. Auta ya san bai ɗiga ba. Kwana uku yana tona kasuwar ƙarafa, ya samo biyu, ga ja kuwa a jikinsu. Shi da Tsoho ne kaɗai ke taɓa gwangwanin fentin nan. Sauran biyar an riga an farfasa su, sai ya kwance na motarsa, da yake iri ɗaya ce da tawa, ya sa min. Tasa tana can a kan bulo.

"Matar Tsoho ba ta da lafiya tun bara," in ji Auta. "Na ce buƙata ce ta kai shi. Na ce shi ya ɗiga da kansa, ya haɗa baki da masu amalanke. A motar Yaya kuma, duk cikin motocin duniya." Ya rufe kwalbar ya ajiye. "Ɓarawo na ce masa, Mama. Kin kuma san ba a yi masa magana a hankali. Sai da na ɗaga murya har sau biyu kafin ya ji. Duk layin sun ji."

Mama ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa halina bai sake ni nan take ba. Na buɗe baki na ce ai da ya kira ni tun ranar farko da duk wannan bai faru ba. Sai ya kalle ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. Ya ce in kira ki in ce miki me, kayan motarki sun ɓace a garejina? Da me za ki ce? Na san abin da zan ce, shi ma ya sani.

Ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ce in tashi, ni zan tuƙa.

Duk hanya da hannu yake nuna min dama da hagu. Gidan Tsoho a wani lungu yake, ɗaki biyu a gidan haya, ƙofarsa na kallon famfon da matan unguwa ke layin ɗiban ruwa. La'asar ce, layin a cike yake. Tsoho na zaune a bakin ƙofa yana liƙe wani bokiti da ya tsage. Ya ga motar, ya gane ta, ya mayar da kai kan bokitinsa.

Na durƙusa a gabansa na gaishe shi. Na nuna masa kwalbar, na fara bayani da muryar da ake ba da haƙuri da ita, ƙasa-ƙasa. Ya kalli bakina, ya girgiza kai, ya nuna kunnensa. Na ɗan ɗaga. Ya sake girgiza kai. Na waiwayi Auta ko zai taimake ni da nunin hannun nan nasu, yana tsaye jingine da motar, hannu a aljihu, yana kallon ƙasa. Matan famfo sun daina hira.

Babu yadda zan yi. Na matsa kusa da kunnensa na buɗe murya iya ƙarfina, yadda nake kiran marasa lafiya in benci ya cika da hayaniya.

"Baba, ni na ɗiga jan! Ba kai ba ne, ba shi ba ne!"

Wannan ya ji. Ya ajiye bokitin, ya karɓi kwalbar ya jujjuya ta, ya tambaye ni da babbar muryarsa, don me?

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa, bai ji ba. Na sake faɗa.

"Na zaci ƙanena zai sace min kaya!"

Wani bokiti ya cika a bakin famfo ruwa na zuba, babu wadda ta janye shi. Tsoho ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ke damun mota. Ya mayar min da kwalbar. Sai ya juya wajen Auta.

"Ita ba ta zauna da kai ba, ba ta sani ba," ya ce. "Kai fa? Wace rana ce ba ka tare da ni?"

Auta ya zo ya durƙusa ya kama hannunsa, hawaye na zuba, yana masa nuni cewa gobe ya dawo, a gaban duk layin zai wanke shi. Tsoho ya bar shi har ya gama. Ya ce ya yafe, har ga Allah ya yafe, amma shi da gareji sun gama, hannunsa ya gaji. Ya ɗauki bokitinsa ya shiga ciki ya saki labule.

Muka koma wajen motar. Na shiga, na miƙa hannu na buɗe masa ƙofa. Bakina cike yake da maganganu, tun ina durƙushe na tsara su, kuma wallahi daga zuciya suke. Na ce Auta, shigo mu je. Bai shigo ba. Ya tura ƙofar ya rufe a hankali, ya goge fuska da hannun riga, ya sunkuyo ta taga. Ya ce in an yi wata guda in sa a canza baƙin mai, in riƙa duba ruwan lagireto kowace safiya, kada kuma in riƙa ɗora ƙafa a kan kuloci ina tafiya. Muryar da na ji yana yi wa masu kawo masa gyara ce, mai ladabi, babu komai a cikinta.

"Akwai wani bakanike a bayan asibitinku, kusa da gidan mai," ya ce. "Ya iya aiki, ba ya taɓa kayan mutane. Ki riƙa kai masa."

Na ce ni wajenka zan riƙa kawowa.

"A'a, Yaya," ya ce. "Ki kai masa."

Ya bubbuga rufin motar sau biyu, yadda suke yi in an gama da mota a matsar da ita, ya juya ya bi lungun a ƙafa.